Ire-iren suna a ajin farko na kwaleji: sharhi a kan rabon da aka aro daga nahawun faransanci

1. Gabatarwa

Yaron da ya shiga ajin farko na kwaleji (sixième) a gari kamar Sabon Maci, cikin gundumar Dakoro, yana cin karo da darasin ire-iren suna, kuma da faransanci ake ba shi. Idan ya kasa ganewa, sai mushe ya juya da hausa, ya fassara masa rabon da ke cikin littafi, ya kawo misalan hausa. Ta haka ne rabon nahawun faransanci yake zama tamkar shi ne rabon sunayen hausa. Wannan maƙala tana duba ko rabon ya dace da harshen, sa'an nan ta kawo shawara.

Maganar ba ƙarama ba ce. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa da faransanci a Damagaram a 1973. Dokar tsarin ilimi ta 1998 (LOSEN) ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, aka kuma tsaida ƙa'idar rubutun hausa a 1999. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa (Charte de la Refondation) ya mai da hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk darasin da aka tsara yanzu, mai yiwuwa ne shi za a yi ta kwafa shekara da shekaru.

2. Rabon da aka saba

Rabon ya dogara ga ma'ana, kuma asalinsa nahawun girkanci da latinanci ne. Ga shi, tare da kalmomin da littattafan nahawun hausa na Najeriya suka yaɗa: sunan yanka (nom propre) da gama-gari (nom commun), na zahiri (concret) da wanda ba a gani ko taɓawa (abstrait), tattarau (collectif), ƙirgau (dénombrable) da gagara-ƙirga (non dénombrable). Ba mu musun amfaninsa. Yaro zai zauna jarrabawar BEPC, dole ne ya san waɗannan kalmomi. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauka cewa da an fassara su an gama bayanin sunan hausa. Za mu kawo dalilai huɗu.

2.1. Sunan yanka

A wurin Bahaushe sunan yanka shi ne wanda aka raɗa wa jariri ranar bakwai, aka yanka rago. Yaron da ya riƙe wannan ma'ana yana da hujja idan ya ce Maraɗi da Dakoro ba sunan yanka ba ne, haka ma laƙabi kamar Tanko, Delu, Ladi ko Ɗanjuma. Alamar da ake ba shi kuwa, wato babban baƙi, ta rubutu ce kawai. Alhali harshen yana da tasa alama da kunne ke ji. Idan gama-gari ya zama sunan mutum, wasalinsa na ƙarshe yakan gajarce:

(1) baƙoo / Baƙo. Angoo / Ango. Azumii / Azumi. Doogoo / Doogo

(Mun ninka wasali a nan don nuna tsawo.) Haka kuma sunan gari yakan ɗauki jinsin mace ko da bai ƙare da -a ba: Maraɗi ta cika, Dakoro ta yi nisa. Darasin da aka aro bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

2.2. Abin da "ba a taɓawa"

Ana gaya wa yaro cewa abstrait shi ne abin da gaɓoɓin jiki ba su riska, sai a ba shi misali da zafi, sanyi, nauyi, ɗaci. Amma wane yaro ne bai ji zafin rairayi a tafin ƙafarsa ba a watan Afrilu? Ma'anar da aka bayar tana karo da misalan. Tun 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa waɗannan sunaye aji guda ne a hausa, kuma ƙirarsu ce ta haɗa su: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sama a duka biyun, dogon -i a ƙarshe, jinsin namiji. Daga gare su ake samun sifa da jam'inta ta hanya ɗaya:

(2) zafi, zazzafa, zafafa. Ƙarfi, ƙaƙƙarfa, ƙarfafa. Faɗi, faffaɗa, faɗaɗa. Zurfi, zuzzurfa, zurfafa

Gaskiya, adalci da haƙuri ba su yin haka. Ke nan akwatin abstrait ya cusa abubuwa biyu da harshen ya raba.

2.3. Ƙirga

A faransanci adadi yana tilasta jam'i: trois chèvres. A hausa ana cewa akuya uku, ana cewa awaki uku. Shekara goma kuwa ta fi shekaru goma yawa a bakin mutane. Abin da aka kira gagara-ƙirga yana iya samun jam'i da wata ma'ana: ruwa, ruwaye, kuɗi, kuɗaɗe. Shi kansa kuɗi asalinsa jam'in wuri ne, shi ya sa ake jin kuɗi ya ƙare, ake jin kuɗi sun ƙare. Tattarau ma haka: jama'a ta taru, jama'a sun taru. Abin da ya kamata a nuna wa yaro shi ne ma'aunin da yake ji kullum a kasuwa: tiya biyu ta gero, dami goma, buhu uku na wake.

2.4. Sunan da ke ɗauke da aiki

Nan ne giɓin ya fi girma, don rabon da aka aro ba shi da gurbin wannan aji sam. M. K. M. Galadanci, a littafinsa na nahawun hausa na 1976, ya raba sunayen da ke nuna aiki daga waɗanda ba su nunawa. Gwajin yana da sauƙi:

(3) a. Yana barci / magana / kuka / dariya.
b. Yana gida / kasuwa.
c. *Yana doki / tiya.

A (3a) sunan yana nuna abin da ake yi, a (3b) wurin da ake, a (3c) jumlar ta lalace. Yaron da ya fassara yana barci da il dort zai ce barci aikatau ne. Mahaɗi ne ke warware masa: barcin rana, maganar sarki, noman gero. Abin da ya ɗauki -n ko -r ta wannan hanya, hali irin na suna gare shi.

3. Abin da harshen ya tanada

Littattafan nahawu na Wolff (1993), Newman (2000) da Jaggar (2001), da nazarin Caron (1991) a kan hausar Adar, duk sun ba jinsi, jam'i da ƙirar kalma babban fili a bayanin suna. Muna ganin daga nan ya kamata darasi ya tashi, hawa uku.

Hawa na farko, jinsi da adadi. A sa yara su gwada suna da dirka (ne, ce) da mahaɗi (-n, -r). Su da kansu za su gano cewa yawancin sunayen mace da -a suke ƙarewa, amma gida, ruwa, nama da suna maza ne. A nan sai malami ya kula da karin harshe. A yammacin ƙasar Hausa, kamar Adar da Sakkwato, na da ta ake ji a madadin ne da ce, ana kuma cewa rigas sarki. A Daura da Damagaram ana jin rigal sarki. Yaron da ya faɗi ɗaya daga ciki bai yi kuskuren jinsi ba, don haka bai cancanci jan alƙalami ba. A nuna masa yadda daidaitacciyar hausa ke rubutawa kawai. Sunan garinsu ma abin gwaji ne: tun da da sabon ya fara, wane jinsi suke ba Sabon Maci idan suna magana, kuma don me?

Hawa na biyu, gwajin yana, kamar yadda yake a (3).

Hawa na uku, ƙira. Ɗafa-goshin ma- yana ba da mai aiki, wurin aiki da kayan aiki. Ba- yana ba da asali:

(4) maƙeri, maƙera, makaranta, majema, mabuɗi, mabuɗai, Bagobiri, Bagobira, Gobirawa

A lura maƙera (mutane) da maƙera (wuri) rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya bambanta su: na farko yana da karin ƙasa a tsakiya, na biyu sama ne duka.

Sai bayan wannan a kawo rabon faransanci, a jera harsunan biyu. A nan ne yaro zai ga rana mace ce amma le soleil namiji, wata namiji ne amma la lune mace, gida namiji amma la maison mace. Wanda ya san jinsi ƙa'idar harshe ce, ba halittar abu ba, ya fi saurin daina ɗora jinsin hausa a kan faransanci.

4. Abin da za a iya cewa

Za a ce lokaci bai isa ba. Amsa ita ce gwaje-gwajen nan ba su buƙatar littafi, allo da bakin yara sun wadatar. Za a ce kuma ajin Dakoro ba Hausawa kaɗai ke cikinsa ba, akwai ƴaƴan Fulani da Buzaye. Wannan gaskiya ne, amma hujja ce a gare mu: fulfulde ba ta raba suna namiji da mace, azuzuwa masu yawa take da su, tamajaƙ kuwa tana nuna mace da t- a farkon kalma. Kwatanta su yana ƙara fito da darasin fili. Matsalar da ta fi nauyi ita ce horon malamai, don wanda bai taɓa nazarin nahawun hausa ba, abin da ya koya da faransanci shi zai maimaita.

5. Kammalawa

Rabon da aka aro yana amsa tambayar "me sunan yake nufi?", amma bai taɓo "yaya sunan yake aiki a jumlar hausa?" ba. Muna ba da shawara ga masu tsara manhaja da makarantun horon malamai su sa jinsi, mahaɗi, gwajin yana da ƙirar kalma a gaba, su kuma sake duba kalmar sunan yanka, wadda ma'anarta ta al'ada ta fi ta nahawu ƙarfi a kunnen yaro. Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, bayanin jinsi da mahaɗi a hausar ƙauyukan Dakoro, da aka ɗauko daga bakin ƴan kwaleji, aiki ne da zai yi wa masu rubuta darasi amfani kai tsaye.