Kaffara a Wurin Yahudu da Nasara, da Hakkin da Ba Ya Faɗuwa

Duk wanda ya san unguwar Maitama ta birnin Abuja ya san cewa, ban da ofisoshin jakadanci da gidajen manyan ma'aikata da attajirai, akwai majami'ar Katolika ta Holy Trinity, wadda kan cika maƙil ranar Juma'ar da ke gabanin Ista, sa'ad da Nasara ke tunawa da gicciye Almasihu bisa ga aƙidarsu. Can kuma a gefen birnin, a Jikwoyi da Kubwa, akwai ƙananan jama'u na 'yan ƙabilar Ibo masu bin Yahudanci, waɗanda kan kame baki kimanin awa 25 a ranar Yom Kippur, wato goma ga watansu na Tishri. Mas'alar da ta tara waɗannan da waɗancan guda ce: da me bawa zai kankare laifinsa, kuma wa zai biya?

A cikin Attaura, babi na 16 na Littafin Firistoci, an tsara cewa sau ɗaya a shekara babban limaminsu zai jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu, a yanka ɗaya ya shiga wuri mafi tsarki ya yayyafa jininsa, ɗayan kuwa ya ɗora masa hannu ya ambaci zunuban Bani Isra'ila a kansa, sa'an nan a kora shi jeji. Amma da Rumawa suka rushe Haikalin Baitul Muƙaddas a shekara ta 70 Miladiyya, sai ya zamana babu mahadaya, babu yanka, har ya wajaba a kan malamansu, irin su Yohanan ɗan Zakkai da almajiransa a garin Yabne, su yi ijtihadi. Suka tsayar da cewa tuba da addu'a da sadaka sun tsaya a matsayin jinin dabba. A nan ne suka kafa hukuncin da, a ganina, ya fi kowane nauyi a wannan babi, shi ne cewa ranar kaffara tana shafe abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa kaɗai, abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa kuwa yana nan a wuyansa har sai ya je ya nemi yardarsa. Malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a Misra zamanin Salahuddin kuma ya rasu a 1204, ya fayyace sharuɗɗan tuba: barin laifin, nadama, furta shi da baki, ƙudurin rashin komawa, da mayar da abin da aka ci. Ɗalibin fiƙihunmu da ya karanta babin raddul mazalim, wato mayar da hakki ga mai shi, ba zai ji wannan baƙon zance ba.

Nasara kuwa suka bi wata hanya. A cikin littafinsu, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ɗauki wancan tsari na Haikali ta fassara shi da cewa Almasihu shi ne limamin, shi ne kuma hadayar, sau ɗaya tak ba maimaici. Mu Musulmi ba mu yarda an gicciye Annabi Isa, alaihis salam, ba, kuma ba mu ga wani rai na ɗaukar nauyin wani ba; sai dai adalci ya hukunta mu san cewa su kansu sun daɗe suna saɓani a kan yadda fansar ke aiki. Magabatansu, kamar Orijin na Iskandariyya, sun ɗauke ta diyya ce da aka ba da don kuɓutar da ɗan Adam daga hannun Shaiɗan. Anselm, babban limamin Kantabari a Ingila, ya ƙi wannan wajen shekarar 1098, yana mai cewa zunubi keta alfarmar Allah ne, bashi ne da ya wajaba a kan mutum alhali ba shi da ikon biya, don haka ba mai iya biya sai wanda ya haɗa allantaka da mutuntaka. Abelard na Faransa ya ga gicciye bayyanar ƙauna ce mai narkar da zuciya ta tuba, Kalbin kuma a ƙarni na 16 ya ƙarfafa cewa uƙubar masu laifi ce aka ɗora wa wanda ba shi da laifi.

To, abin da ke damuna shi ne yadda jahilci, ko kuwa son zuciya, kan mai da wannan aƙida rigar ɓuya, har mutum ya zaci tunda an biya masa, ko tunda ya ciyar da miskinai sittin in Musulmi ne, shi ke nan dukiyar marayu da ta baitulmali ta halatta gare shi. Linjila ba ta faɗi haka ba. A cikin Luka, Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin rama wa wanda ya zalunta ninki huɗu. A cikin Matta an umarci mai kawo baiko ya ajiye shi gaban mahadaya ya fara sulhu da ɗan'uwansa. Cocin Katolika kuma har yau tana karantar da cewa gafarar da fada ya furta ba ta sauke wajibcin mayar da kayan sata.

Ƙasarmu ta taɓa jarraba wannan a fili. A 1999 aka kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Fada Matthew Hassan Kukah ya yi wa aiki, don sauraron waɗanda aka zalunta a zamanin mulkin soja. Talakawa suka zo da kukansu, wasu tsofaffin shugabannin ƙasa kuwa suka ƙi bayyana. An miƙa rahoton a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Ina kira ga limaman majami'u da na masallatan Maitama, waɗanda masu mulki ke zaune a sahunsu na gaba, da su riƙa ambaton mayar da hakki a duk huɗubar da suka ambaci gafara.