Jinjina ga masu cewa "a jona ka ji"

Cikin masu sayar da kayan sauti a kasuwar Sabon Gari ta Kano, waɗanda suka cancanci yabo su ne masu jona wa mai saye amfilifaya ya ji da kunnensa kafin ya biya. Kwamitin masallaci daga Gwarzo ko Kabo da ya tara kuɗin jama'a ba abin da zai kare shi sai wannan gwaji. Lambar wat da ke jikin kwali sau da yawa cika baki ce. Amfilifayar Ahuja ko TOA ma, in aka haɗa ta da lasifikar da ba ta dace da ita ba, sai murya ta shaƙe ko injin ya ɗau zafi. Mai shago na ƙwarai zai ƙure murya, ya sa a yi magana a makirfo, ya gwada ta da batirin mota mai bolt 12, tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, sannan ya ɗora tafin hannu a murfinta ya ji ɗuminta.

Wasu za su ce kuɗin mota ya yi tsada, gara a yi ciniki ta WhatsApp a aiko da kaya. Amma lasifikar waya ba ta fitar da gurnanin da ke ɓoye a ƙasan sauti, kuma mayar da kaya Kano ya fi zuwan farko tsada. Gaskiya ne hayaniyar kasuwa ba irin ta harabar masallaci ba ce, sai dai injin da ya tsaya garau a cikinta ya ci jarrabawa mai wuya. Mai saye, in an hana ka gwaji, wuce shago na gaba.