Fashi a Sararin Samaniya: Nazari Kan Labaran Jiragen Balan-balan

Akwai wani reshe na ƙagaggun labaran Turawa da aka gina shi a kan tambaya guda: da a ce duniya ba ta rabu da injin tururi ba, ina za ta kai? Marubutansa sukan koma zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, su ɗebo kwal da tagulla da hayaƙin masana'antun lokacin, su ƙera na'urorin da ba a taɓa ƙerawa ba. Marubuci K. W. Jeter ne ya raɗa masa suna steampunk a wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus a 1987. Cikin duk abin da ke yawo a waɗannan labarai, babu wanda ya kai jirgin balan-balan da 'yan fashin da ke tare shi a sama farin jini.

Shi kansa jirgin ba tatsuniya ba ne. A 1852 Henri Giffard ya tashi daga Paris a wata doguwar balan-balan mai injin tururi, ya yi tafiyar kusan kilomita 27. A 1900 Zeppelin na farko ya tashi a Jamus, a 1929 kuma Graf Zeppelin ya zagaye duniya. Daga nan sai masifa ta biyo baya. Jirgin Ingila R101 ya faɗi a Faransa a 1930, mutum 48 suka mutu, sannan Hindenburg ya kama da wuta a Amurka ranar 6 ga Mayu, 1937, aka rasa rayuka 36. A nan aka rufe babin jigilar fasinja da irin waɗannan jirage. Wannan yankewar ce ta buɗe wa marubuta fili, domin hanyar da tarihi ya bari ba a ƙarasa ba, kowa na iya ƙarasa ta yadda ya ga dama.

Amma me ya sa sai balan-balan? Amsar tana cikin aikin ƙirƙirar labari. Jirgin sama na yau yana gudun da ba wanda zai kama shi ya hau. Jirgin balan-balan kuwa tafiyar hawainiya yake yi, ga girma, don tsawon Hindenburg ya kai mita 245, ga ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da ma'aikata masu hawa da sauka. Kamar ayarin fatake yake a tsakiyar hamada: dukiya jibge, tafiya a hankali, mai ceto kuma ya yi nisa. Ƙaramin jirgi zai iya laɓewa cikin gajimare, ya matso, a jefa igiya a sauko. Idan kuma iskar da ke ɗauke da jirgin mai kamawa da wuta ce, harsashi ɗaya zai hallaka ɓarawo da mai kaya, don haka marubuci ya sami hujjar maido da takobi da wuƙa.

Littafin Airborn na Kenneth Oppel, wanda ya fito a 2004, ya nuna haka kusa da kusa. Matt Cruse yaro ne mai hidima a jirgin alfarma Aurora. 'Yan fashi suka hau jirgin, suka kwashe kayan attajirai, sai dai babbar ɓarnar ba satar ba ce. Garin tafiya, farfelar jirginsu ta keta fatar Aurora, iska ta yi ta tsiyaya, jirgin ya yi ta nitsewa har ya sauka a wani tsibiri. Ran kowa, mai kuɗi da bara, ya koma hannun masu ɗinke fata.

Inda wannan adabi ya fi nauyi shi ne tambayar wane ne ɓarawon gaske. Fim ɗin Hayao Miyazaki na 1986, Castle in the Sky, ya fara da tsohuwa Dola da 'ya'yanta suna kai wa jirgi hari don ƙwace dutsen wuyan yarinya Sheeta. Kafin a yi nisa, mai kallo ya gane cewa Muska, jami'in gwamnati mai tafe da sojoji da ƙaton jirgin yaƙi, shi ne abin tsoro. Dola zinariya take nema, Muska kuwa duniya yake so ya mallake.

Tambayar tana da tushe, domin zamanin tururi shi ne zamanin mulkin mallaka. A Five Weeks in a Balloon na 1863, Jules Verne ya ɗauki Turawa uku daga Zanzibar zuwa Senegal, suka ratsa ta saman Tafkin Cadi da Timbuktu, mutanen ƙasa kuwa ba su wuce abin kallo ko abin gudu ba. Michael Moorcock ya juya lamarin a The Warlord of the Air na 1971, inda wani sojan Ingila ya tsinci kansa a shekarar 1973 wadda dauloli ke danne duniya da jiragen balan-balan, a ƙarshe ya koma cikin 'yan tawaye. Nisi Shawl ta ƙara gaba a Everfair na 2016, ta miƙa jiragen ga masu yaƙar zaluncin Sarki Leopold na Biyu a Kongo.

Raunin wannan fage a fili yake. Da yawa daga cikin littattafansa ado kawai suka ɗauka: tabarau na tagulla, doguwar hula, agogon aljihu, ba tare da tambayar wanda ya haƙo kwal ɗin ko ya tatso robar ba. Irin waɗannan sukan nishaɗantar, a karanta a manta. Waɗanda suka daɗe a hannun masu karatu su ne suka tsaya bincikar inda dukiyar da ke cikin jirgin ta fito tun kafin ɗan fashi ya ɗora mata hannu.