Nauyin Rigar Makau

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, wata ƙungiyar matasa a Samaru ta ɗora mini alhakin tufafin wasan Shaihu Umar, labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934 da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo. Na hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari, na sayo shadda mai sauƙin kuɗi, tela ya zuba mata aska takwas da keke cikin kwana uku. A daren wasa an yi mana tafi. Ni kuwa ina bayan dandali ina kallon Makau, bafaden da hassadar 'yan'uwansa fadawa ta fitar daga Kagara, yana faɗuwa gaisuwa gaban sarki. Ya zube, ya miƙe zumbur kamar mai ƙwallo, rigar na filfilwa a bayansa. Na san akwai ƙarya a wurin, amma na rasa sunanta.

Amsar ta zo mini ta hanyar da ban zata ba, a wani littafin zane-zanen Edgar Degas, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana zana 'yan matan rawar bale na Faris. Siket ɗin da suke sawa, Turawa na kiransa tutu. Sunan ba ya yi wa kunnen Bahaushe daɗi, kuma ajinmu ya sha dariya a kai, sai dai tarihinsa ya fi ƙarfin dariya. A 1832, lokacin da Marie Taglioni ta fito a La Sylphide, siket ɗin fari ne mai shara-shara, ya sauko har ƙwauri, domin a ga mace tamkar aljanar da ba ta taka ƙasa. Zuwa ƙarshen ƙarnin, gwanayen Italiya sun kai Rasha rawa mai wuyar juyi, siket ya yi ta hawa sama yana ƙara tauri. A 1895 Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya cikin Swan Lake a birnin San Fitasbag. Da doguwar suturar Taglioni ta sa, da wuya a ga aikin da ƙafar ke yi. Wannan kuwa a zamanin da matar kirki a Turai ke jan riga har ƙasa, abin da ya sa wasu attajiran ke zuwa kallo ba don rawar ba.

Abin da na koya shi ne tufafi da motsin jiki tare ake yanka su. Sai na koma kan rigar Makau. A shekarun da siket ɗin bale ke guntulewa, rigar babban mutum a Zazzau da Kano da Bida faɗi take nema. Masaƙi kan fitar da ƙyallaye sirara na saƙi ko tsamiya, a harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya. Marina su tsoma, mabuga su buga har shuni ya yi ƙyalli. A kan yi wa ƙasan rigar shafi da alharini, jan silikin da fatake ke ketowa da shi Sahara daga Tarabulus, sannan mai aikin hannu ya zauna wata da watanni a kan aljihu da wuya. Irin wannan riga tana da nauyi, sau da yawa kuma a kan wata ake ɗora ta, ga buje, ga rawani. Mai ita ba ya gaggawa. Kafin ya miƙa hannu sai ya naɗe hannun riga a kafaɗa, kafin ya durƙusa sai ya tattara ta. Rabin abin da muke kira ƙasaita a tafiyar basarake, rigar ce ta koya wa jikinsa. Shaddar da na sayo ba ta koya wa ɗan wasanmu komai ba, don haka ya tafi da jikin ɗan Samaru na yau cikin fadar ƙarni na sha tara.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Shaihu Umar labarin bauta ne: yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Kaɗar da aka saƙa rigunan fada da ita, wani kaso nata bayi ne suka noma a rinji. Degas, duk da laifinsa na yawan leƙe, ya zana 'yan rawarsa a gajiye, suna murza idon sawu a bayan labule. Mu muka sa wa fadawa sheƙi, muka ɗaura wa bayi buhun algarara, babu wani zare da ya haɗa su a idon mai kallo.

Za a ce kuɗi ne babu, kuma gaskiya ne, rigar saƙi ta hannu ta fi ƙarfin aljihun ƙungiyarmu. Amma daga Samaru zuwa cikin birnin Zariya ba tafiyar yini ba ce, kuma har yau akwai masu aikin hannu a zaurukansu. Bayan wasan na je na roƙi wani dattijo aron tsohuwar rigar mahaifinsa ta yini guda. Na kai wa wanda ya fito a Makau, na ce ya maimaita gaisuwar nan. Ya sunkuya, rigar ta zamo daga kafaɗarsa ta rufe masa hannu. Ya tsaya, ya naɗe ta, ya sāke sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar.