Faifan Garmaho Ya Dawo, Amma a Hannun Wa?

A shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, alhali faifan CD bai wuce miliyan 33 ba. Rabon da baƙin faifai ya sha gaban CD a can tun 1987. Kamfanin Technics, wanda ya daina ƙera shahararriyar na'urarsa ta juya faifai mai lamba SL-1200 a 2010 saboda kasuwa ta mutu, sai ga shi ya dawo da ita a 2016. Yanzu har matasan da aka haifa bayan zamanin kaset suna bin layi a ƙofar shaguna don sayen abin da iyayensu suka zubar. Wasu tarawa kawai suke yi. Wasu kuma DJ ne na unguwa, masu ɗaukar akwatin faya-fayai zuwa ƙananan wuraren shaƙatawa su juya wa jama'a.

Da a can abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa ya shafe mu shi ne, wani kaso na wannan kasuwa da kayanmu ake cin ta. Tun farkon shekarun 2000 Turawa masu farautar tsofaffin faya-fayai suke zirga-zirga a Legas, Kwatano, Accra da Kumasi, suna shiga rumbunan tsofaffin 'yan kasuwa suna kwashe abin da ƙura ta binne. Kamfanin Strut ya fitar da tarin waƙoƙin Nigeria 70 a 2001. Soundway na Miles Cleret a Ingila ya biyo baya da Nigeria Special, sai Analog Africa na Samy Ben Redjeb a Jamus. A 2013 kamfanin Luaka Bop ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor na Enugu, mutumin da ya daɗe da barin kiɗa, nan da nan sunansa ya karaɗe duniya. A wannan shekarar dai Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya buga kiɗan Mamman Sani na Nijar a kan faifai, kiɗan da ya fito a kaset tun 1978, wanda mutanen Nijar suka daɗe suna ji a rediyo da talabijin. Har waƙoƙin fina-finan Kano sun samu shiga, a wani faifai da aka sa wa suna Harafin So.

Ba na cikin masu cewa sata aka yi mana. Akwai wurin da aka yi cuta, babu shakka: a sayi faifai a hannun tsoho da kuɗin goro, a je Turai a sayar da shi da tsada. Amma da yawa daga cikin waɗannan kamfanoni sun nemo mawaƙan ko magadansu, sun yi yarjejeniya, sun rubuta tarihinsu a jikin kwali. Kuma gaskiyar da ba ma son ji ita ce, da ba su kwashe ba, da gara da damina sun riga su.

Sai dai ku lura da abin da suka ɗauka da abin da suka bari. Abin da suke nema shi ne kiɗan da zai tayar da mutane rawa a Landan ko Berlin: mai jita, mai ƙaho, mai ganga irin ta bature. Waƙar Mamman Shata ba ta yi musu wannan aikin, domin daɗinta a magana yake, a habaici da kirari da yadda 'yan amshi ke karɓa. Wanda bai ji Hausa ba kalangu kawai zai ji yana maimaita kansa. Haka kuntigin Ɗanmaraya Jos, haka kotson Musa Ɗanƙwairo. Saboda haka faya-fayan makaɗanmu ba su yi tsada a kasuwar duniya kamar na Fela Kuti ba, kuma babu wani jirgi da zai sauka Kano domin su. In ba mu tattara su ba, babu mai zuwa.

To wane ne zai tattara? Ra'ayina shi ne DJ ɗin unguwa ya fi kowa cancanta, fiye da attajiri mai sha'awar kayan tarihi, har ma fiye da jami'a.

Na san yadda wannan magana za ta faɗo a kunnen mai sana'ar. DJ a Kano ko Zariya ko Maraɗi yau kwamfuta ce da filas da lasifika da janareta. Waƙoƙinsa a wurin masu turi yake samo su, ko ya sauke daga intanet, dubbai a cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. Amarya da ƙawayenta sabuwar waƙa suke so, wadda ake yayi a TikTok makon nan, kuma in bai saka ba gobe wani za a kira. Faifai kuwa nauyi gare shi, allurarsa sai an yi odarta, ƙurar hunturu na shiga tsaginsa, zafin bazara na lanƙwasa shi in an bar shi a mota. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ina cewa ya ɗauki garmaho ya tafi gidan biki ba ne. Ban ma yarda da masu rantsuwa cewa sautin faifai ya fi kowane sauti ba; faifan da ya sha allura shekara arba'in ƙara da ƙaiƙayi ne a kunne.

Dalilina daban ne. Mai tara faifai don sha'awa kaɗai, abin da ya fi burge shi shi ne ya mallaki abin da wani ba shi da shi. Yakan saka faifan a leda, ya jera a kabad, ya ɗauki hoto. Ita kuwa waƙar Hausa ba a yi ta don kabad ba. An yi ta ne a gaban sarki, a dandalin dambe, a gona ranar gayya, a zauren biki, inda mutane ke ji su yi kari. DJ shi ne mutum ɗaya a unguwa da har yanzu jama'a ke taruwa su miƙa masa kunnensu na sa'o'i. Idan ya san tsofaffin waƙoƙi, zai san lokacin da iyaye mata suka shigo fili ya sako musu Barmani Choge, ya san inda zai jefa baiti ɗaya na Shata tsakanin sababbin waƙoƙi biyu har yaro ɗan shekara ashirin ya tambayi wane ne wannan. Jami'a za ta adana, amma ba ta da wannan filin.

Akwai kuma abin da faifai ke riƙe da shi wanda filas ba ya riƙewa. Ɗauki waƙar da aka tura maka a waya: sau da yawa ba suna, ba shekara, wani lokaci an yanke farkonta, wani lokaci ma an laƙaba ta ga wani mawaƙin daban. An kwafo ta daga kaset, wanda shi ma kwafi ne na kwafi, har kalangun ya dushe. Faifai kuwa yana zuwa da tambarin kamfani, da lamba, da jerin sunayen waƙoƙi, da hoton makaɗin da jama'arsa, sau da yawa har da shekara. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Polygram sun yi aiki a Najeriya shekaru masu yawa kafin su janye, kuma ba kowane asalin tef na wancan zamani ne ya tsira ba. Akwai waƙar da mafi kyawun sautinta da ya rage a duniya yana kan wani faifai ne a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa, cikin adaka, tare da kwanukan aurenta. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Waɗanda suka sayi faya-fayansu da ƙuruciya su ma tafiya suke yi, kuma ranar rabon gado ba wanda ke kallon faifai a matsayin dukiya. Yara ne ke wasa da shi, ko a rufe tulu.

Aikin ba shi da wuyar da ake zato, amma yana son sani. Faifai iri uku ne. Akwai tsohon nan mai nauyi, mai juyi 78 a minti, wanda ke fashewa in ya faɗi, kuma kowane gefensa bai fi minti uku ko huɗu ba. Shi allurarsa daban ce, ta fi kauri, kuma ba a goge shi da sifirit domin yana cinye shi. Akwai babba mai juyi 33 da sulusi, wanda ya fito a 1948, mai ɗaukar kusan minti ashirin a gefe guda, shi ne ya ba makaɗanmu sararin jan waƙa yadda suka saba. Sai ƙarami mai juyi 45. Dukansu a tsaye ake jera su, ba a kwance a ɗora wani kan wani ba, kuma nesa da rana. A wanke, a juya sau ɗaya da allura mai kyau, a naɗi sautin a kwamfuta, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Daga nan faifan ya huta, waƙar ta shiga filas da cikakken sunanta.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa, kuma a kansa ba na sassauci. Makaɗan nan suna da 'ya'ya da jikoki, wasu 'yan amshinsu ma suna raye. Wanda ya samu faifai ya mallaki roba ne, bai mallaki waƙar ba. Sakawa a taro wani abu ne, amma duk DJ ɗin da zai ɗora ta a YouTube ya ci kuɗi, ko ya yanki muryar Shata ya aza a kan sabon kiɗa ya sayar, to ya fara zuwa gidan ya yi sallama, a zauna a yi magana. Bai kamata a ce baƙon da ya taso daga Jamus ya san ya nemi magada, ɗan gida kuma ya tsallake su ba.