Sunayen yunwa da zaman kaɗaici: sharhi a kan aikin Boureima Alpha Gado daga gefen Gaya

1. Gabatarwa

Tarihin Nijar da aka rubuta bayan samun mulkin kai ya fi karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar dauloli. Malam Boureima Alpha Gado, na sashen tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yana cikin ƙalilan ɗin da suka juya ga talakan karkara, suka tambayi yadda yake rayuwa idan rumbu ya ƙare. Kundin digirinsa na dokta, wanda ya gabatar a Jami'ar Paris VII a 1988, ya shafi Nijar da Mali da Burkina Faso. Daga cikinsa ne littafin Une histoire des famines au Sahel ya fito a 1993. A 2010 kuma ya wallafa Crises alimentaires en Afrique sahélienne : les réponses paysannes a Kwatano, inda ya mai da hankali ga dabarun da manoma ke yi da kansu.

A wannan ɗan sharhi za mu duba aikin nasa ta fuskar nazarin harshe. Abin da muke son nunawa guda ne: sunayen da jama'a suka laƙaba wa shekarun yunwa, waɗanda marubucin ya tattara, suna ɗauke da tarihin yankewar zumunta, kuma ba a gama karanta wannan tarihi ba tukuna. Za mu gwada wannan ra'ayi a kan Gaya, garin iyaka da ke kudancin jihar Doso, domin a can ne tambayar "ɗan wane ne kai" ta fi yin nauyi.

2. Abin da marubucin ya kawo

Kafin aikin Alpha Gado an riga an yi rubutu a kan yunwar 1931 a yammacin Nijar. Finn Fuglestad a 1974 da André Salifou a 1975 duk sun nuna cewa fara da ƙarancin ruwa ba su kaɗai suka kashe mutane ba: lanho da aikin dole sun riga sun tatse ƙauyuka, hukuma kuma ta yi jinkirin amincewa da girman abin. A arewacin Najeriya Michael Watts ya bi irin wannan hanya a littafinsa na 1983 a kan ƙasar Katsina. Sabon abin da Alpha Gado ya yi shi ne jera yunwoyin ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙarni na 19, tare da ɗora rahoton kumandan kusa da bakin tsofaffin ƙauye, don kowane ya gyara ɗan'uwansa.

Ta wannan hanya mai karatu yake haɗuwa da sunaye irin su Ize-neere na farkon ƙarni na 20, da Gande-beeri na 1913-1914, da shekarar ƴaƴan fara ta 1931-1932, da Wande-waasu, da shekarar garin rogo ta 1953-1954, da Bandabari na 1966. Waɗannan duk na Zabarmanci ne. A ƙasar Hausa kuwa yunwar 1913-1914 Kakalaba ake ce mata, ta 1927 ana danganta ta da buhu, ta 1942 Ƴar Gusau, ta 1984 kuma a yankin Maraɗi ta ɗauki sunan Buhari. Amfanin wannan jeri ga mai tarihi a fili yake. Tsohon da bai san shekarar haihuwarsa ba ya san ko ya yi wayo a lokacin Gande-beeri, don haka sunan ya zama turken da ake ɗaure sauran labarai a jikinsa. Duk wanda ya yi bincike a ƙauye ya ci moriyar wannan aiki.

3. Sunan yunwa a matsayin zance

Sai dai suna ya fi turke. In aka duba ƙirarsu, za a iya kasa waɗannan sunaye kashi uku. Kashi na farko yana faɗin sanadi, kamar shekarar ƴaƴan fara, ko sunan Buhari, wanda ke tuna rufe iyakar Najeriya daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, daidai lokacin da mutanen Nijar suka fi bukatar hatsi da cin rani. Kashi na biyu yana faɗin abin da ya ceci mutane ko inda suka nufa: garin rogo, buhu, Gusau. Kashi na uku, wanda ya fi jan hankalinmu, yana faɗin abin da mutane suka yi wa juna.

Ize-neere haɗin kalmomi biyu ne, "ɗa" da "sayarwa". Wande-waasu ya haɗa "matar aure" da aikatau da ake fassarawa da warewa ko rabuwa. Bandabari kuma "baya" ne da "juyawa", wato mai cin abinci ya juya wa ɗan'uwansa baya don kada ya ce masa bisimilla. A dukkan ukun karɓau ya gabaci aikatau, bisa tsarin Zabarmanci, kuma babu mai aikatawa a cikin sunan. Ba a ce wane ya sayar ba, ba a ce wane ya juya baya ba. Al'umma ta amsa laifin gaba ɗayanta ba tare da ta kunyata gida ko ɗaya ba. Fassarar Faransanci irin ta "vente des enfants" tana ba da ma'anar, amma tana mai da aikin ya zama wani abu da ya auku kamar ambaliya, alhali sunan asali yana tuna hannun da ya miƙa yaron.

Haka kuma jerin kansa yana da abin lura. Na farko ya shafi uba da ɗa, na biyu miji da mata, na uku maƙwabci da maƙwabci. Waɗannan su ne igiyoyi uku da taimakon juna ya rataya a kansu a karkara, kafin a zo maganar zakka da sadaka da gayya. Ke nan jama'a sun auna tsananin yunwa da irin igiyar da ta tsinke, yayin da rahoton hukuma yake aunawa da yawan gawa da kuɗin lanhon da bai shigo ba.

Akwai kuma matsalar rubutu. A rubuce-rubucen Faransanci ana samun sunan yunwar 1913-1914 wani lokaci da "ganda", wani lokaci da "gande". A Zabarmanci na farko ƙasa ne, na biyu ƙirji ne. Ko dai babbar ƙasa ce aka nufa, wato yunwar da ta game ko'ina, ko kuma faffaɗan ƙirjin da ya rungume kowa. Wasali ɗaya ne ya raba hoton biyu. Wannan aiki ne na masu nazarin harshe, kuma sashenmu ne ya kamata ya yi wa masu tarihi shi: a ɗauki furucin, a rubuta shi da tsawon wasali da karin sauti, a faɗi garin da aka ji shi da harshen wanda ya faɗa.

4. Gaya: inda masu gudun yunwa ke sauka

Tarihin yunwa, bisa ɗabi'arsa, yana bin inda aka mutu da inda aka watse, wato Zarmaganda da Filinge da makamantansu. Amma wanda ya gudu wani wuri ya nufa. Gaya tana bakin kogin Isa, tana kallon Malanville ta Binin, waɗanda gada ta haɗa tun 1958, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa da ita ta gabas. Ruwan da take samu, wajen milimita 800 a shekara, yana cikin mafi yawa a Nijar. Ga fadama, ga kifi, ga gishirin Dallol Fogha da Barth ya gani a 1853, wanda Paul Lovejoy ya bayyana aikinsa na rani a littafinsa na 1986. Wuri irin wannan mafaka ne ga na arewa, kuma ƙofa ce zuwa Najeriya da Dahomey ta da.

To, wanda ya iso mafaka mene ne matsayinsa? Binciken Nassirou Bako-Arifari a kan sarautar Gaya, da na Olivier Walther a littafinsa Affaires de patrons na 2008, sun nuna gari mai hawa-hawa. Cangawa su ne aka sani da fara zama, da alaƙa da ƙasa da tsafinta. Songai da suka zo daga baya suka riƙe sarauta. Manyan ƴan kasuwa kuwa galibinsu baƙi ne, Zabarmawa da Hausawa da wasu. Kowane hawa yana da haƙƙinsa a kan gona da magana a fada. Hausa tana cewa ɗan ƙasa da baƙo, Zabarmanci yana cewa laabiize da yaw. Abin lura shi ne baƙo da yaw duk suna ɗauke da ma'ana biyu da Faransanci ya raba, "hôte" da "étranger": wanda ake yi wa shimfiɗa, da wanda ba shi da rabo. A shekarar albarka ma'ana ta farko ke rinjaye. A shekarar yunwa karin maganar nan ta "baƙo raɓa ne" takan tashi daga lallashi ta koma sallama.

Baƙon da ke da mai masauki, ko malami, ko ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, yana da inda zai ajiye kaya da wanda zai tsaya masa a ba shi aron gona. Wanda bai da ko ɗaya shi ne Hausa ke cewa ba shi da kowa. Harshen ya bambanta talaka, wanda ke ƙarƙashin sarauta amma yana da gida da dangi, da matsiyaci, da kuma marar gata. Haka ya bambanta kewa, wadda sai mai mutane yake yinta, da kaɗaici da maraici. John Iliffe a littafinsa na 1987 a kan talakawan Afirka ya nuna cewa a wuraren da ƙasar noma ta wadata, matalauci na ainihi shi ne wanda ya rasa ƙarfin aiki da dangin da za su yi masa. Kalmomin Hausa suna goyon bayan wannan, kuma Gaya wuri ne da za a gwada shi, tun da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci duk ana jin su a kasuwa ɗaya. Shekara guda tana iya samun suna dabam a bakin wanda ya gudo da bakin wanda aka sauka a ƙofarsa. Tattara sunayen ɓangarorin biyu shi ne aikin da littafin 1993 ya buɗe wa hanya.

5. Agaji da rajista

Wannan magana ba ta tsaya ga nahawu ba. A Ingila, K. D. M. Snell na Jami'ar Lesta ya shafe shekaru yana nazarin talakawan karkara, kuma a littafinsa Parish and Belonging na 2006 ya nuna yadda dokar 1662 ta ɗaure agajin matalauci ga unguwar cocin da aka rubuta shi. In ya faɗa cikin bukata a wani wuri, ana iya mai da shi can. Daga baya marubucin ya koma ga tarihin zaman kaɗaici, kuma ba haɗari ba ne, domin tambaya ɗaya ce ke jawo ɗayar.

A Nijar mulkin mallaka ya yi abin da ya yi kama da haka ta hanyar ƙidayar lanho, wadda ta rubuta kowane magidanci a ƙarƙashin ƙauye da kanto. Rumbunan tsimi da aka matsa wa jama'a su yi bayan yunwar 1931 na ƙauye ne, kuma na waɗanda ke cikin rajistar ƙauyen. Bayan mulkin kai an kafa OPVN a 1970, sannan zargin ɓarnar kayan agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar a juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974. Daga nan zuwa bankunan cimaka da rabon kuɗi na ƙungiyoyi, galibi jerin sunaye ta hannun maigari da kwamitin gari yake bi. Wanda yunwa ta raba da garinsu ya fita daga jeri ɗaya, bai shiga ɗayan ba.

A garin iyaka abin ya ninku, domin hukuma tana iya rufe hanyar da zumunta ke bi. An gani a 1984, an sake gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, an kuma gani a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka tare gadar Gaya da Malanville, mutane suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale. Ko sunan abin ma yakan zama abin jayayya: a 2005 shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa, hukumomi suka fi son "crise alimentaire", rediyo kuma ta riƙa cewa ƙarancin cimaka. Jama'a dai ba su daina raɗa nasu sunayen ba.

6. Kammalawa

Darajar aikin Alpha Gado tana cikin ɗaukar maganar manomi a matsayin hujjar tarihi daidai da takardar kumandan. Abin da ya rage shi ne a karanta maganar a matsayin harshe, da ƙirarta da mai faɗinta da wanda aka faɗa wa. Muna ba ɗaliban sashen tarihi da na nazarin harshe shawara su haɗa hannu a kan bincike guda a Gaya da garuruwan Dallol Fogha da Kamba: a tattara sunayen shekarun wahala a harsuna huɗun, a rubuta su daidai, a tambayi kowane mai ba da labari ko ɗan ƙasa ne ko iyayensa saukowa suka yi, kuma wa ya sauke su. Waɗanda suka yi wayo a shekarar garin rogo sun haura shekara 75 a yanzu, saboda haka da su ya kamata a fara.