Masu farautar manyan lambobi, kada a bar maimai

A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano lamba marar rabuwa mafi girma da aka sani a duniya. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Hayar dubban na'urori masu ƙarfi ya yi a ƙasashe 17, ya kashe kuɗin da ya kusa dala miliyan 2. Kafin shi, shekara 28 ke nan kwamfutocin gida da na makarantu ne ke cin wannan gasa. Yanzu da masu hannu da shuni suka shigo, me ya rage wa ɗalibin lissafi a Funtua ko malamin sakandare a Malumfashi mai laftof guda ɗaya?

Lamba marar rabuwa ita ce wadda ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 7 ko 13. Waɗanda ake farauta suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17. Ka ninka 2 da kanta sau da yawa, ka ɗebe 1. Jera 2 sau biyar ka ninka, 32 ke nan, ɗebe 1 saura 31, ba ta rabuwa. Jera ta sau 11 kuwa, 2,047 za ka samu, wadda 23 sau 89 ce, ta faɗi jarrabawa. Waɗanda suka ci jarrabawar, guda 52 kacal aka sani zuwa yau, 18 daga ciki kuma shirin GIMPS ne ya gano su, wanda George Woltman ya kafa a 1996. Kowa na iya sauke manhajar Prime95 kyauta, ya karɓi lamba, kwamfutarsa ta gwada, ya mayar da sakamako.

Sabon shiga idonsa kan kai ne ga lambobi masu alƙaluma miliyan 100, don ƙungiyar EFF ta Amurka ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara samo irinta. Ban ga laifin kwaɗayin ba, amma ina ganin ɓarnarsa. Gwajin lamba ɗaya mai wannan girma kan ci watanni a ƙaramar kwamfuta. Mutum ya karɓa da zumuɗi, ya gaji, ya watsar, lambar ta zauna da sunansa har wa'adinta ya ƙare kafin a ba wani. Bai yi ba, ya kuma hana mai yi.

Duk manomin masara a wannan yanki ya san ranar firi gayya kan cika, ga ganga ga fura. Maimai ne ke rasa mutane, alhali gonar da aka ƙi maimaita wa ciyawa ke cinye ta. Maimai a wannan farauta shi ne a sake gwada lambar da wani ya riga ya gwada a shekarun baya, a ga ko sakamakon biyu sun zo ɗaya. Tsohon gwajin da aka yi wa lambobin, na Lucas da Lehmer, ba ya yafe kuskure. Na'ura ta yi zafi, ko ƙwaƙwalwarta ta juya ɗigo ɗaya cikin biliyoyi, shi ke nan amsa ta lalace, kuma ba wanda zai sani sai an maimaita. Tun 2020 sabon salon gwaji yana zuwa da shaidar da ake dubawa cikin ɗan lokaci, amma tulin tsofaffin sakamako na nan yana jiran mai tabbatarwa.

Tsallake kuwa ya sha faruwa. A 1988 aka gano wadda ake jera 2 sau 110,503, bayan an riga an yi murnar wasu biyu da suka fi ta girma a 1983 da 1985. A watan Agusta na 2008 wata kwamfuta a jami'ar UCLA ta samo mai alƙaluma kusan miliyan 13, sai ga wata da ba ta kai ta girma ba ta ɓullo daga Jamus bayan mako biyu, wata kuma daga Norwe a 2009. Saboda haka ba za a rantse cewa ta Durant ce ta 52 a jere ba sai an tabbatar da duk abin da ke ƙasa da ita.

Na yarda, mai maimai da wuya sunansa ya fito a jarida. Amma aikin ya dace da halinmu. Lambobinsa ƙanana ne, ana gama su da wuri. Manhajar na adana inda ta tsaya lokaci-lokaci, don haka ɗauke wuta jinkiri kawai yake jawowa. Ga wata riba: idan sakamakonka ya yi daidai da na wanda ya riga ka, ka san na'urarka lafiya take, abin da ya kamata mai aiki cikin zafin Maris da Afrilu ya tabbatar kafin ya ɗauki babban kaya.

Ƙasar Katsina ba baƙuwar lissafi ba ce. Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ina so in ga sassan lissafi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma, da makarantun da suka samu sola, sun ware ko da kwamfuta biyu ga wannan aiki, ɗalibai na kallon yadda hujja ke ginuwa.

Kai kuma ɗan'uwa mai laftof, idan ka buɗe manhajar ta tambaye ka irin aikin da kake so, zaɓi maimaita gwaji. Ka faɗa mata gaskiyar awannin da na'urarka ke kunne a rana, ka ɗauki lamba ɗaya, kada ka nemi wata sai ka gama ta. In ka ga ba za ka iya ba, ka mayar da ita da wuri don wani ya ɗauka.